Gari ɗaya, harshe biyu: Tasawa da Biyen

1. Gari mai suna biyu

Babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram ta ratsa ta tsakiyar wani gari, wajen kilomita 120 gabas da Maraɗi. A bisa allon bakin hanya an rubuta Tessaoua. Mutanen garin kuwa Tasawa suke cewa. Gari ɗaya ne, amma sunansa iri biyu: ɗaya na takarda, ɗaya na baki.

Ba Tasawa kaɗai ba ce. A cikin gundumar Tasawa da ta Mayahi akwai garuruwa da wurare da yawa masu irin wannan hali. Ga kaɗan daga cikinsu, rubutun Faransanci da farko, na Hausa a bayansa:

Maïjirgui: Maijirgi
Ourafane: Urafan
Tchaké: Cake
Sarkin Haoussa: Sarkin Hausa
Goulbi N'Kaba: Gulbin Kaba

Wanda ya duba da kyau zai gane dalili. Turawan Faransa sun rubuta sunayen yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar rubutunsu. Inda Hausa ke sa u ko w, Faransanci yana sa ou. Inda Hausa ke sa c, yana sa tch. Inda Hausa ke sa gi, yana sa gui. Kuma Faransanci ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Shi ya sa Maraɗi ta zama Maradi a bisa takarda.

Wannan alama ce ta garin da harshe biyu ke zaune a cikinsa. Irin waɗannan garuruwa suna da yawa a duniya. Darasin nan zai duba biyu daga cikinsu: Tasawa a ƙasar Nijar, da Biyen a ƙasar Suwis, can ƙasashen Turai.

2. Yadda Faransanci ya shigo ƙasar Tasawa

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Tasawa ba ta harshe ɗaya ba ce. Hausawa manoma ne suka fi yawa. Fulani suna kiwo a dajin, suna Fulatanci. Abzinawa suna saukowa daga arewa da raƙuma, ɗauke da gishiri da dabino, suna Tamajak. Barebari suna zuwa daga gabas. Malamai suna karantar da Larabci a makarantun allo, suna kuma rubuta Hausa da ajami. A kasuwa kuwa kowa da Hausa yake ciniki.

A shekarar 1899 wani ayarin sojan Faransa ya ratso ƙasar Hausa, yana ƙone garuruwa, yana kashe mutane. Shugabanninsa su ne Voulet da Chanoine. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu suka kashe su a kusa da Maijirgi. Amma wannan bai hana Faransa kama ƙasar ba. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mulkin mallakar Faransa sosai.

Faransanci ya shigo tare da mulki. Da shi kumandan ke magana, da shi ake rubuta lissafin lampo, da shi ake shari'a a bariki. Talaka ba ya iya magana da kumandan sai ta bakin tafinta. In tafinta ya faɗi gaskiya, talaka ya tsira. In ya karkata magana, babu wanda zai sani. A lakkol kuma ba a yarda yaro ya yi harshen gidansu ba.

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai. Faransanci ya ci gaba da zama harshen hukuma har shekaru fiye da 60. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki ne.

3. Harshen baki da harshen takarda

A Tasawa da Mayahi kowane harshe yana da wurinsa. Da Hausa ake gaisuwa, ake ciniki, ake wa'azi, ake ɗaurin aure, ake sulhu a fadar sarki. Ko a ofishin magajin gari, yawanci da Hausa ma'aikaci ke magana da mutane. Amma in ya ɗauki bik zai rubuta, sai ya koma Faransanci. Takardar haihuwa, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar magani, rubutun da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, yawancinsu da Faransanci suke.

Harsunan biyu sun daɗe tare, har sun ara wa juna kalmomi. Lakkol, mushe, lokotoro, lampo da jandarma duk daga Faransanci suka fito, Hausa ta gyara su yadda suka dace da bakinta. Faransancin Nijar kuma ya ɗauki kalmomi kamar fura da kilishi da gulbi. A kudu, tsallaken iyaka, wajen Katsina da Daura, daga Ingilishi Hausa ta yi aro. Shi ya sa wani lokaci Bahaushen Tasawa da na Katsina kan kira abu ɗaya da suna dabam.

Wannan rabo na baki da takarda yana da nauyi bisa wanda bai yi karatu ba. Ga misali. Wata tsohuwa ta komo daga gidan likita da ƙwayoyin magani da ƴar takarda. An yi mata bayani, amma kafin ta iso gida ta manta. Sai ta kira jikanyarta, ƴar aji huɗu.

Ta ce: «Ke kishiya, zo ki duba mini abin da lokotoro ya rubuta.»

Yarinyar ta karanta a hankali: «Un comprimé matin et soir pendant 5 jours.» Sa'an nan ta ce: «Kaka, ƙwaya guda da safe, ƙwaya guda da dare, har kwana biyar. Ko kin ji sauƙi, kada ki bari sai kwana biyar sun cika.»

Tsohuwa ta ce: «Ashe! Ni da na yi niyyar in sha biyu biyu don in warke da wuri. Allah ya yi miki albarka.»

Magana ce ta layi ɗaya, amma lafiyar mutum tana cikinta. Haka kuma sunan yaro. In an rubuta Ousmane a takardar haihuwa, aka rubuta Ousseini a takardar jarrabawa, hukuma za ta ɗauka mutum biyu ne. Gyaran wannan kuskure kan ci lokaci da kuɗi. Rashin sani ya fi dare duhu.

4. Birnin Biyen

Suwis ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu, a tsakiyar Turai. Faransa tana yamma da ita, Jamus tana arewa, Italiya tana kudu. Harsunan ƙasa huɗu gare ta: Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Romanshi. Masu Jamusanci suka fi yawa. Masu Faransanci suna zaune a yammacin ƙasar.

Daidai inda yankin Jamusanci ya haɗu da na Faransanci akwai wani birni a bakin tabki, a gindin duwatsun Jura, cikin lardin Bern. Masu Jamusanci suna ce da shi Bil, suna rubuta Biel. Masu Faransanci suna ce da shi Biyen, suna rubuta Bienne. Tun daga shekarar 2005 sunansa na hukuma ya haɗa biyun: Biel/Bienne. Mutanensa sun kai wajen 55.000. Fiye da rabinsu Jamusanci suka zaɓa ya zama harshen da hukuma za ta riƙa rubuta masu takarda da shi. Wajen 4 cikin 10 kuma Faransanci suka zaɓa.

A da, Biyen garin masu Jamusanci ne. Sana'a ce ta kawo harshe na biyu. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 hukumar garin ta so a kafa sana'ar ƙera agogo. Gwanayen wannan aiki kuwa suna cikin duwatsun Jura, kuma Faransanci suke yi. Sai aka sauƙaƙa masu haraji don su zo su zauna. Suka zo da iyalansu da harshensu. A 1880 masu kamfanin da daga baya aka sani da sunan Omega suka kawo masana'antarsu garin. Har yau Biyen garin agogo ne: kamfanonin Omega da Swatch suna can, Rolex ma yana da babbar masana'anta a can.

Baƙin nan ba su bar harshensu ba. Sannu a hankali aka buɗe wa ƴaƴansu lakkol ta Faransanci, hukuma kuma ta karɓi harsunan biyu a matsayi ɗaya.

5. Zaman yau da kullum a Biyen

A Biyen kowane titi suna biyu gare shi, kuma duka biyun suna bisa allo ɗaya. Titin tashar jirgin ƙasa shi ne Bahnhofstrasse, shi ne kuma Rue de la Gare. A cikin motar bas ana faɗin sunan wurin tsayawa da harshe biyu. In mutum ya shiga ofishin hukumar gari, yana da ikon a yi masa magana, a kuma ba shi takarda, da harshen da ya zaɓa cikin biyun.

Majalisar birnin wakilai 60 gare ta. In ana zama, kowane wakili da harshensa yake magana, kuma babu tafinta. An ɗauka cewa wanda ya nemi wakilcin gari mai harshe biyu, lalle ne ya ji na maƙwabcinsa, ko da bai iya mayar da shi sosai ba.

A kanti ma akwai al'ada. Mai kanti kan saurari gaisuwar mai saye. In da Faransanci ya gaishe shi, da Faransanci zai amsa. In da Jamusanci ne, haka. Wani lokaci kuma abokai biyu kan zauna hira, wannan yana nasa, wancan yana nasa, suna fahimtar juna.

Garin yana da jaridar Jamusanci mai suna Bieler Tagblatt, da ta Faransanci mai suna Journal du Jura. Akwai kuma wata ta mako mako, Biel Bienne, wadda aka kafa a 1978. Ita kowane labari sau biyu take buga shi, gefe da gefe. Gidan telebijin na yankin shi ma da harsunan biyu yake aiki.

Yawancin yara suna shiga lakkol ta harshen gidansu, su koyi ɗayan a matsayin darasi. Amma a 2010 hukumar garin ta buɗe azuzuwa masu harshe biyu. A cikinsu ana haɗa yara masu Jamusanci da masu Faransanci a aji ɗaya. Rabin darussa da wannan harshe, rabi da wancan. Yaro yana koyo daga bakin malami, yana kuma koyo daga abokin zamansa.

6. Tsakanin harshe da haƙori

Hausawa na cewa tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Zaman Biyen ba ya rasa wahala.

Wahala ta farko ita ce ta yawa. Masu Faransanci su ne kaɗan a garin, kuma su ne kaɗan ƙwarai a lardin Bern. Kamfanoni da yawa da Jamusanci suke aiki. Saboda haka saurayin da Faransanci kaɗai ya iya yakan sha wuya wajen samun inda zai koyi sana'a. Wani lokaci kuma babban kanti kan kafa sanarwa da Jamusanci kaɗai, masu Faransanci su yi kuka.

Wahala ta biyu ta baki da takarda ce. Jamusancin da mutanen Suwis ke yi a gida da kasuwa ya bambanta ƙwarai da Jamusancin da ake rubutawa. Yaro mai Faransanci yakan yi shekaru yana koyon na littafi a lakkol, ya fito titi ya tarar da wani iri dabam.

Wahala ta uku kuɗi ne. Kowace takarda sai an fassara ta, kowane allo sai an rubuta shi sau biyu, kuma mai fassara albashi yake ci. Mutanen garin sun yarda su biya, don kada wani ya zama baƙo a garinsu. A 1996 aka kafa wata ƙungiya mai suna Forum du bilinguisme. Aikinta shi ne lura da zaman harsunan biyu, da ba kamfanoni da ma'aikatu shaida in suna mutunta kowanne.

Wahalar farko tana nan a ƙasar Tasawa da Mayahi, amma da wata kama. Bafulatani ko Ba'abzine kan koyi Hausa tun yana yaro, don ba shi da yadda zai yi a kasuwa sai da ita. Bahaushe kuwa ba safai yake koyon Fulatanci ko Tamajak ba. Mai rinjaye yakan manta nauyin da maƙwabcinsa ke ɗauke da shi. Ɗan Bafulatanin da ya shiga lakkol a Mayahi harshe uku ke gabansa: na gida, na kasuwa, da na takarda.

7. Inda suka yi kama, inda suka bambanta

Tasawa da Biyen sun yi kama wajen suna biyu, da aron kalmomi, da yadda mutum kan sake harshe sau da yawa a yini ɗaya. Amma akwai babban bambanci.

A Biyen jama'a biyu ne, kowacce da harshen da ta sha a nono. A Tasawa kusan babu wanda Faransanci ne harshen uwarsa. A lakkol ake koyonsa. A Biyen sana'a ce ta kawo harshe na biyu, a Tasawa mulkin mallaka ne. Abin da ya fi duka: a Biyen harsunan biyu duk suna bisa takarda. Kowanne yana da lakkol, da jarida, da wuri bisa allon titi. A Tasawa ɗaya ya riƙe baki, ɗaya ya riƙe takarda.

Ba don Hausa ta kasa ba ne. An rubuta ta da ajami shekaru aru aru. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka daidaita baƙaƙen rubuta ta da boko, tare da wasu harsunan Afirka ta Yamma. Akwai littattafai da jaridu da ƙamus na Hausa, kuma gidajen rediyo na ƙasashe masu nisa suna watsa labarai da ita kowace rana. Abin da ya rage shi ne a sami mutane da yawa masu iya rubuta ta daidai, a ofis, a gidan likita, a kasuwa.

8. Aikin ɗan lakkol mai harshe biyu

Don wannan ne aka kafa lakkol ta gwaji. Ta farko an buɗe ta a Damagaram a 1973, da Hausa. Daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. Wata doka ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10.

Tsarin mai sauƙi ne. Yaro yana fara karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya sani. Faransanci yana shigowa da baki tukuna, sa'an nan da rubutu, yana ƙaruwa shekara shekara. Yaron da ya gane yadda baƙaƙe ke haɗuwa su zama kalma a Hausa, ba sai ya sake koyon wannan dabara ba. Sabbin kalmomi da sabuwar ƙa'ida kaɗai zai koya. Mai gina ɗaki da tushe yake farawa.

Wasu iyaye suna tsoro. Sukan ce: yaro ya riga ya iya Hausa, me ya sa za a ɓata masa lokaci? Amsar ita ce iya magana dabam, iya rubutu dabam. Wanda ya iya rubuta harsunan biyu shi zai rubuta wa ƙungiyar manoma lissafin buhunan gero da Hausa, kowa ya duba ya gane, ya kuma rubuta wa hukuma wasiƙa da Faransanci. Shi zai karanta gargaɗin da ke jikin maganin ƙwari kafin babansa ya fesa wa wake. Shi zai duba sunan ƙanensa a takardar haihuwa tun a ofis, kafin a buga hatimi.

Ɗaliban irin wannan aji tafintoci ne na gidajensu. Tafinta nagari abu uku yake riƙewa. Ba ya ƙara gishiri, ba ya rage magana. In bai gane kalma ba, sai ya tambaya, ba ya ƙaga ma'ana don jin kunya. Kuma ba ya raina wanda bai ji harshen da ya iya ba, domin tsohon da bai san ko bonjour ba ya san lokacin shuka, da sunan kowane icce, da tarihin garin.

Darasin da ke cikin zaman Biyen shi ne: harshe biyu ba sa zama lafiya a gari ɗaya don kansu. Mutane ne ke ba kowanne wurinsa, bisa allo, bisa takarda, da cikin aji. A Tasawa da Mayahi wannan aiki yana hannun masu koyon rubuta harsunan biyu.

Kalmomi

Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.
Fassara: juya magana ko rubutu zuwa wani harshe.
Ajami: rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci.
Lampo: kuɗin haraji.
Masana'anta: babban wurin da ake ƙera kaya da injuna.
Rinjaye: fin yawa ko fin ƙarfi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake rubuta Maradi a Faransanci, Maraɗi a Hausa?
2. Waɗanne harsuna ake yi a ƙasar Tasawa kafin 1899?
3. Wace sana'a ce ta kawo masu Faransanci birnin Biyen?
4. Yaya wakilan majalisar Biyen ke magana in suna zama?
5. Ku faɗi wahala biyu da masu Faransanci ke sha a Biyen.
6. Mene ne babban bambanci tsakanin Tasawa da Biyen?
7. Waɗanne abubuwa uku tafinta nagari ke riƙewa?

Aiki

1. Ku rubuta sunayen garuruwa 5 na kusa da ku, da rubutun Faransanci da na Hausa, gefe da gefe.
2. Kowa ya duba takardar haihuwarsa. Ya kwafe sunansa yadda aka rubuta, sa'an nan ya rubuta shi da ƙa'idar Hausa.
3. Ku nemi kalmomi 10 na Hausa da aka aro daga Faransanci, ku samo asalin kowacce.
4. Ku tambayi wani mai jin Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci yadda ake gaisuwar safe da harshensa. Ku kawo ta aji.
5. Ku shirya alluna masu harshe biyu don ƙofar aji, da wurin ruwan sha, da ofishin shugaban lakkol.